Ƙofofi Goma Sha Huɗu na Baba Mai Fensir

Shekara tara ke nan ina zaune a ɗakin da ke saman shagon kafintocin layinmu, kuma ban taɓa saita agogo don ya tashe ni ba. Ƙarfe bakwai saura kwata zan ji an ja ƙofar ƙarfe sama, sai sharar tsintsiya, sai tari guda biyu, sannan zarto ya kama kuka. Mai tarin nan shi ne dattijon da kowa ke kira Baba Mai Fensir, saboda fensirin da ba ya barin bayan kunnensa. Matarsa, wadda duk layin ke ce wa Inna, ta rantse mini ya sha zuwa gidan biki da shi a maƙale, ana ta gaisawa bai sani ba. Ranar Asabar da ta wuce Baba ya ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗaya, ni kuma yau Litinin na makara zuwa makarantar da nake koyarwa. Tunda ya jawo mini harara daga shugabanmu, bari in rama, in tona masa asiri a gaban jama'a.

Baba ba ya taɓa katako da zarto sai ya fara taɓa shi da hannu. Bayan shara zai ɗora ruwan shayi, ya bi allunan da ke jingine ɗaya bayan ɗaya, yana shafawa da tafi, yana shinshinawa, wani lokaci har ya ƙwanƙwasa ya kasa kunne. In ka yi masa magana a lokacin, ka yi da bango. Yana da halin da ban yafe masa ba: in ya ce maka "jibi," to ka ba wa jibin nan mako guda. Kantar littattafaina sai da na gaji da leƙowa ta taga kafin a hau da ita. Amma yau shekara takwas tana ɗauke da kayan da ya fi ƙarfinta, ko ƙara ba ta taɓa yi ba.

A aljihun rigarsa na ƙirji akwai wani ɗan siririn katako, tsawon yatsa, kaurinsa bai wuce tsinken ashana biyu ba, ya yi baƙi saboda shan hannu. Labarin wannan ɗan katakon ne ya sa na ɗauki biro.

Baba ba a ƙasar nan aka haife shi ba. Ya zo yana da shekara talatin da 'yan kai, da jaka ɗaya mai ɗauke da zarto da guduma da hoton Inna riƙe da jaririya 'yar wata huɗu. A can gida sunansa ya kai inda ƙafarsa ba ta kai ba, domin in ya kafa ƙofa ko takarda ba ta shiga tsakaninta da firam, wato katakon da ke kewaye da ita. Sai dai yabo ya yi yawa, aiki ya yi kaɗan, shi ya sa ya yi sallama da kowa ya kama hanya. Wata uku yana bin shaguna yana nuna hannayensa, don kalmomin da ya sani a yaren mutanen nan ba su kai yatsun hannuwan ba. A ƙarshe ya faɗo wannan shago, wurin wani tsoho mai gilashi da ba ya son yawan magana. Tsohon ya miƙa masa guntayen katako biyu ya ce ya haɗa su ba ƙusa. Ya haɗa. Tsohon ya yi ta ja yana murɗawa, abu ya ƙi rabuwa.

Sharaɗin da aka yi masa a fili yake. Zai yi wata shida na gwaji. In tsohon ya gamsu, zai sa hannu a takardar da za ta ba shi damar zama, har ya ɗauko iyalinsa. In bai sa ba, ranar da izininsa ya ƙare sai ya tattara ya koma yadda ya zo.

Babban aikinsa na farko shi ne ƙofofi goma sha huɗu a wani gidan haya mai hawa uku. Lokacin zafi ne. Baba ya zage ya nuna musu abin da ya iya, kowace ƙofa ta zauna ɗas, ba inda iska za ta bi. Ya buga wa Inna waya baki har kunne ya ce, "Ki fara ɗaure kaya, an kusa."

Sai ruwa ya sauko, sanyi ya biyo shi, laima ta shiga ko'ina.

Telan da ke hawa na biyu a gidan yana nan da ransa, shi ya ba ni wannan ɓangaren, kuma har yau in yana faɗa sai ya riƙe ƙugu. Ya ce ya shiga banɗaki da safe ya tura ƙofa, da ya gama ya ja, ta ce ba ta san zancen ba. Ya ja da hannu biyu, ya sa ƙafa a bango, ya yi ihu har muryarsa ta dishe. Mai wanki da guga da ke maƙwabtaka da shi ta so ta kawo ɗauki, ashe ita ma tata ƙofar ta kama ta a ɗaki. Kafin rana ta ɗaga, gidan gaba ɗaya ya zama na masu bugun ƙofa, wasu daga ciki, wasu daga waje. Da kafaɗar mutum uku aka fito da tela, da tawul a ƙugu, yana ambaton kafinta da sunayen da ba zan rubuta ba.

Da labari ya iso shago, tsoho mai gilashi bai ko kalli Baba ba. Ya yanke hukunci cewa mai sayar da katako ne ya zuba masa ɗanye, ya fizgo kwat ɗinsa yana cewa yau za a raba gari. Saura kwana goma sha uku a sa hannu a takarda.

Baba kuwa ya riga ya je ya ga ƙofofin, kuma ya gane abin da ya faru. A ƙasarsu iska busasshiya ce, katako tsukewa yake yi, saboda haka gwanin kafinta matse ƙofa yake yi tun farko. Nan kuwa katako shan laima yake ya kumbura, dole a bar masa wuri. Gwanintar da ya ɗauko daga gida ita ce ta kulle mutane a ɗakunansu. Babu wanda ya sani sai shi. Da ya ja bakinsa ya yi shiru, mai katako ne zai sha zagi ya rasa ciniki, shi kuma takardarsa ta fito lafiya. Ya faɗa mini cewa ya tuna hoton da ke cikin jakarsa. Duk da haka ya sha gaban tsohon a bakin ƙofa, ya harhaɗa 'yan kalmomin da yake da su.

"Maigida, katako lafiya. Hannuna ne."

Tsohon ya dube shi ta saman gilashi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya cire kwat ya rataye, ya je kan teburin aiki ya tsaga ɗan siririn katako, ya danƙa masa a tafi.

"Wannan za ka bari tsakanin ƙofa da firam," in ji shi. "Je ka."

Game da takarda ko uffan bai ce ba.

Kwana goma sha uku Baba ya yi yana cire ƙofa, ya saɓa ta a baya, ya sauko da ita tsakar gida, ya fere gefenta, ya goge da samfefa, ya shafa mai, ya sake hawa da ita. Ranar farko ba wanda ya amsa gaisuwarsa. Rana ta huɗu mai wanki ta ajiye masa kofin shayi a kan matakala ta wuce. Rana ta bakwai tela da kansa ya riƙe masa ƙofa yana ɗaura ta, yana mita yana riƙewa. Kullum in Baba ya koma shago sai ya saci kallon fuskar tsohon, bai karanto komai a ciki ba. Abinci ya daina zama masa. Inna ta ji a waya ta ce muryarsa ta canza, ya ce mura ce.

"Wace irin mura ce wannan," in ji ta, "da ke hana mutum tambayar 'yarsa?"

Ranar ƙarshe tsohon ya bi gidan hawa-hawa yana tura kowace ƙofa da yatsa ɗaya. Suka dawo shago, ya ja aljihun tebur ya miƙa wa Baba ambulan a liƙe. Baba bai tsaya buɗewa ba, da gudu ya kai shi ofishin da ke ba da izinin zama. Bayan wata huɗu Inna ta iso da yarinya mai tafiya da ƙafarta, wadda ta ga baƙon mutum yana miƙo hannu ta ɓuya a bayan uwarta tana kuka. Yarinyar nan yanzu malamar asibiti ce, Baba kuma har gobe "Uwata" yake ce mata.

Baba, kai ne ka mai da abin kunyarka makaranta. Wani zai binne irin wannan labari ya hau kansa ya zauna, kai kuwa duk kafintan da ya sauka garin nan da jaka ɗaya, wurinka ake turo shi. Ka ba shi shayi, ka ba shi ƙofa ya kafa, ka tsaya kana kallo yana matse ta yana jin kansa. In ya gama sai ka zaunar da shi ka ba shi labarin tela da tawul, ka yi wa kanka dariya har da hawaye, sannan ka tsaga masa nasa ɗan katakon. Kai ne ka raka su ofis-ofis kana yi musu tafinta da yaren da kai ma da ƙyar ka kama shi. Dogo, ɗaya daga cikinsu, wanda yanzu yake da shagonsa da ma'aikata biyar, ya ce mini, "Malam, ni ban taɓa ganin mutumin da ke fara gabatar da kansa da kuskurensa ba sai Baba. Ranar na ji kunyata ta tafi, na fara tambayar abin da ban sani ba."

Ranar Asabar aka ture injina gefe aka jera benci a shagon don bikin sallamar Baba. Ana cikin shan shayi Dogo ya miƙe ya ce duk wanda ya san yana da shi ya fito da shi. Sai ga manyan mutane masu furfura suna laluben aljihu. Wani daga walat, wani a jikin makullan motarsa, wani a naɗe cikin hankici. Na ƙirga 'yan katako ashirin da uku a sama. Baba ya sunkuyar da kai yana cewa su bari, su bari.

Ashe da sauran magana. Tsoho mai gilashi ya daɗe da rasuwa, shagon ma a hannun Baba ya bar shi, amma matar tsohon tana nan, tsohuwa tukuf. 'Yar Baba ce ta shigo da ita a hankali, riƙe da hannunta. Tsohuwar ta zaro wata takarda da ta yi ja don tsufa, ta ce kwafin wadda mijinta ya sa wa hannu ne, ta tsince shi a cikin kayansa. Ta ce a karanta kwanan watan da ke ƙasa. Yarinyar ta karanta: sha uku ga wata.

"A'a, Uwata, duba da kyau," in ji Baba. "Ran ashirin da shida aka ba ni. Wannan ranar ko a mafarki ba na ɓata ta."

"Baba, sha uku aka rubuta. Ga shi."

Sha uku ga wata ita ce ranar da ya tare tsohon a bakin ƙofa.

Tsohuwar ta ce a ranar mijinta ya dawo cin abincin rana ya gaya mata ya sa wa baƙon nan hannu. Ya ce masu hannu mai kyau yana ganinsu kullum, amma mutumin da zai ce "ni ne" alhali matarsa da 'yarsa na rataye a kan maganar, bai taɓa gani ba, kuma ba zai bari ya tafi ba. Ta tambaye shi me ya sa ba zai ba shi takardar ya huta ba. Ya ce in ya ba shi yanzu murna za ta sa hannunsa rawa, ya ƙara ɓata masa ƙofofi.

Baba ya nemi benci ya zauna. A karo na farko tun da na san shi, ya cire fensirin daga kunnensa ya ajiye, ya sa hannu biyu ya rufe fuska. Kafaɗunsa na rawa, ba mu san kuka yake ko dariya ba, sai da ya ɗago muka ga duka biyun ne.

"Kai, tsohon nan!" ya ce. "Kwana goma sha uku ina ramewa, ashe abin yana cikin aljihun tebur!"

Inna ta goge idonta da gefen mayafi ta ce, "To, ashe murar nan ta banza ka yi."

Shekara talatin da ɗaya, Baba, kana zaton ƙofofin da ka gyara ne suka kawo maka iyalinka. Ashe tun kafin ka cire ta farko, gaskiyar da ka faɗa cikin guntun yare ta riga ta kawo su. Mun gode. Mun gode da shayin, da rakiyar ofis, da tarin nan guda biyu da ya tashe ni shekara tara. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar ka da Inna da Uwarka, ya sa jikoki su gaji hannunka da bakinka.

Ku kuma da kuka riga wasu isowa, a kowace sana'a kuke, in baƙo ya sauka da jakarsa kada ku tsaya kuna jira ya faɗa ramin da kuka faɗa. Ku zaunar da shi ku gaya masa inda kuka yi kuskure, ko da zai yi muku dariya. In kuma laifi naku ne, ku ce naku ne tun kafin a ɗora wa wani.

Jiya Lahadi na je gidan nan mai hawa uku, ana yayyafi. Na hau wurin tela na roƙe shi ya bar ni in gwada ƙofar banɗakin. Na sa yatsa ɗaya na tura, ta buɗe ba ko ƙara. Telan ya ce haka take tun ranar da Baba ya mayar da ita, damina talatin da ɗaya ba ta sake kama kowa ba. Shi dai har yau in ya shiga, a buɗe yake barinta kaɗan.