Ƙishirwar Yaya Tanki

Yayana kafinta ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganinsa babu jarkar ruwa ba. Yaran unguwa suka laƙaba masa Tanki, sunan ya bi shi har furfura. In zai hau rufin gida aiki, jarka ce ke fara hawa da igiya, sannan guduma, sannan shi. Ya sha, ya sauko ya zagaya, ya koma ya sha. Mu a gida abin tsokana muka mayar da shi, shi kuma mutum ne marar musu, sai dai ya yi murmushi ya ɗaga jarkarsa.

Wata safiya tsani ya zame da shi, ya karye a cinya. A asibiti likitan ƙashi ya ce za a yi masa aiki a ranar, ya tambaya ko yana da wani ciwo, suga ko hawan jini.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji matarsa. Yaya ya gyaɗa kai.

Ba ƙarya suka yi ba. A gidanmu ba a lissafa shan ruwan Yaya cikin cututtuka, hali ne kawai, kamar minshari.

Aka ce kada ya ci, kada ya sha, sai an fito daga tiyata. Matar yayana kuwa ba a ba ta doka sau biyu. Ta ɗauke jarkar ta kai bayan ƙofa, ta ja kujera ta zauna gadi. Aka sa masa robar fitsari, aka ɗaura masa ruwa, muka shiga jira. Sai aka kawo waɗanda suka yi hatsarin mota, aka wuce da su gabansa.

Rana ta take. Leɓɓansa suka bushe suka tsage.

"Maman yara, ko kurɓi ɗaya," ya ce.

"Ka daure, baban yara. So kake a fasa aikin?"

Ya daure. Abin da ke ƙona mini rai ke nan har yau, wannan haƙurin nasa na banza. Da ni ce, da na ɗaga asibitin da ihu.

Can sai ya fara magana ba kan gado. Ya ce a miƙo masa ƙusa. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, rufinki ba zai yi yoyo ba." Gabana ya faɗi. Na taɓa goshinsa, zafi zau, babu ɗigon gumi. Jakar fitsarin da ke rataye a gefen gado kuwa ta cika tim, fitsarin fari tas kamar ruwan famfo.

Na fita da gudu na kamo hannun wata nas. Ta dubi jakar, ta tsaya cak.

"Ba yanzu na zubar da wannan ba? Wa ya ba shi ruwa?"

"Wallahi ko ɗigo bai sha ba," in ji matarsa, har da alfahari.

Nan fa aka shiga kai da kawo. Aka ɗibi jini, aka kira wata likitar ƙoda. Ta ce gishirin jininsa ya yi sama ƙwarai, kuma ruwan da aka ɗaura masa mai gishiri ne. Ta sa aka canza. Ta tambaye mu yawan ruwan da yake sha a yini. Na nuna mata jarkar, na ce tana cika tana ƙarewa. Ba ta yi dariya ba. Ita ce mutum na farko da na gani bai yi wa jarkar nan dariya ba.

Ta ce ƙwaƙwalwa na aika wani sinadari ya gaya wa ƙoda ta riƙe ruwa. Tana zargin an haifi Yaya da matsala a wurin karɓar saƙon a ƙodarsa, gado ne, gwaji zai tabbatar. Saƙo na zuwa, babu mai amsawa. Ko ya sha ko bai sha ba, ƙodar zubarwa take.

"Zai tashi?" na tambaya.

"A hankali za mu sauko da gishirin. Gaggawa ma haɗari ce."

Matarsa ta zauna a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa.

Washegari da hantsi ya buɗe ido, ya kira ta, ya kira ni, kowa da sunansa. Likita ta ce a ba shi duk abin da zai iya sha. Matarsa ta cika kofi, ta kai masa baki. Ya kau da kai, ya dubi ƙofa.

"Sun ce in sha?"

Ta fashe da kuka, ruwan na zuba a wuyansa.

"Sha, baban yara. Don Allah ka sha."