Koriyar Fuskar da Abokina Ya Zana Mini

Da niyyar kirki na fara. Hajiya, mahaifiyata, ta daɗe tana ƙorafin cewa hoton waya ba ya ratayuwa a bango. Ni kuwa ina Kuala Lumpur ina digiri na uku a fannin zane, ga kuma abokina, wani Ba'indiye mai ɗakin zane a saman shagon furanni a unguwar Brickfields. Na roƙe shi ya zana ni, tunda ni rabona da riƙe buroshi har na manta, rubutun bincike ya cinye ni ɗanye.

Na je masa kamar mai zuwa ɗaurin aure: shadda ta sha sitaci, ga hula zanna, har turare na fesa, sai ka ce zai fito a hoton. Duk Asabar ina kan kujerar roba, zufa na bin gadon bayana. Ko motsi na yi sai ya ce, "Zauna shiru, lah," da "lah" ɗin nan da mutanen garin ke liƙa wa ƙarshen magana. Bai taɓa bari na leƙa ba.

Ranar da ya juyo min da allon, raina ya ɓaci. Goshina kore, ƙasan idona shuɗi, kumatuna ruwan ɗorawa, shaddar da na sha wahalar gugewa ta koma dabbare-dabbaren fenti. Na san salon sarai, ni da na koyar da shi a aji a gida: ba kamanni ake bi ba, abin da mai zane ya ji yake zubawa da launi. Amma koyarwa daban, a yi a fuskarka daban.

"Wannan ba ni ba ne," na ce.

"Kai ne. Haka kake in ka manta ana kallonka."

Na kai zanen gida don dole. Matata ta ɗauke shi a waya ta tura wa Hajiya, ko shawarata ba ta nema ba. Da kiran ya shigo, na riga na shirya bayani: salon Turawa ne, ba ciwon shawara nake yi ba, kada ta aiko da saƙe-saƙi.

"Ni ba launin nake kallo ba," in ji Hajiya. "Idon nake kallo. Tunda ka tafi kake turo min hotuna kana dariya a gaban dogayen gine-gine. Wannan ne na farko da bai yi min ƙarya ba. Me ke damunka?"

Na buɗe baki in ce lafiya lau, kamar kullum. Sai na ji kaina ina cewa, "Hajiya, na gaji."