Akwati Arba'in, Babu Gawa Ko Ɗaya

Har yau ban manta da safiyar da Baba Sidiku ya kawo mini sakamakon da kyansa ya hana ni sa hannu ba. Damina ce, ana maimai a gonaki, ina shekarata ta biyu a atiliyenmu, wato ma'aikatarmu ta Filinge, bayan na bar koyarwa.

Aikinmu haɗa akwatunan da ke karɓar kuran, wato lantarki, daga batir, su daidaita shi kafin ya shiga firigon da ke sanyaya allurar rigakafi a ƙauyuka. Kowane akwati sai ya kwana biyu a ɗakin zafi, digiri hamsin, an ɗora masa ampul, wato ƙwan fitila, iyakar ƙarfinsa, ana kashewa ana kunnawa. Mai rauni gara ya mutu a hannunmu da ya mutu a gari irin Bonkuku da allurar yara a cikin firigo. Baba Sidiku ke tsaron ɗakin yana rubuta zafin a karne, ɗan littafinsa, ni ke sa hannu a fitar da kaya.

Arba'in suka shiga, arba'in suka fito da rai, alhali biyu ko uku kan mutu. Na daɗe ina koyarwa. Ajin da kowa ya ci ashirin bisa ashirin ban taɓa yi masa tafi ba, aljihun ɗalibai nake lalubewa.

Shef ɗinmu, wato shugabarmu Madam Rabi, ta ce motar ɗaukar kaya na zuwa da la'asar, kada in nemo cuta inda Allah ya ba da lafiya. Na roƙi awa guda.

A karne hamsin ce daga sama har ƙasa, rubutu ɗaya sak, irin na wanda ya zauna sau ɗaya ya sauke farali. Na shiga ɗakin. Da, ƙarfen tabarau kan ƙona mini hanci, ran nan kuwa ɗumi ne kamar na hamata. Ma'auni ya ce talatin da takwas. Rishon dumama biyu a cire. Na fara zargin an cire su ne don a sayar a kasuwa, sai na hangi ƙwarya bayan kanta, an rufe da tsumma. Ƙwan zabi ne kwance cikin ƙaiƙayi.

Na ce, "Baba, waɗanga fa? Su ma rigakafi na?"

Ya ce, "Mushe, kazad da ka kwanci bisa su, muzuru yat tahi da ita. Hamsin dahwa su za ta yi. Kuma zahi ai zahi na."

Na faɗa wa Madam. Mota ta koma wayam, aka mai da arba'in ɗin cikin hamsin ta gaskiya. Huɗu suka mutu, ɗaya har da hayaƙi. Na jera su gaban Baba Sidiku. An riga an rubuta wa kowane akwati garin da za shi, na ukun garin Tabla, inda jikokinsa suke. Ya daɗe yana kallon rubutun, sannan ya tambayi Madam ko ya ajiye makulli. Ta ce ya riƙe, amma ƙwarya ta bi shi gida.

Abin da na koya, ba sai da mugu kawai kaya ke lalacewa ba. Mutumin kirki da ba a taɓa faɗa masa dalilin hamsin ba ya isa, kuma wannan laifina ne. Tun ran nan, duk sabon ma'aikaci da gawar akwati nake fara masa darasi.