Barewar da Ban Yanka Ba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina yanka kaji a wani shago a unguwar Bronx, can ƙasar Turawa. Kafin nan, a garinmu, ni maharbi ne, kamar ubana. Da adaka na tashi, bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda sai ka matsa kusa da dabba har kana jin numfashinta kafin ka harba. Ban yi boko ba. Sawu na sani, da iska, da wuƙa.

A shekarar da nake magana a kanta ƙodar matata ta lalace. Sau uku a mako nake kai ta wankin ƙoda, Litinin da Laraba da Juma'a. Hawa na biyar muke a wani dogon bene a Highbridge, lif ɗin da ke hawa da mutane sama kuwa yana yin kwana goma bai motsa ba. In ya tsaya goya ta nake yi. Da farko sai na huta sau biyu kafin mu kai ƙofarmu. Zuwa lokacin da ganye ya fara zuba na daina hutawa, kuma ba ƙarfi na ƙara ba.

Ta daina cin abinci. Nas ta gaya mini, ta bakin wata 'yar Ghana da ke yi mana tafinta, cewa injin nan jini kawai yake wankewa. In ba ta cin nama, jikinta zai koma yana cin kansa. Na kawo kaza daga shago, ta ce ƙarfe take ji a bakinta. Na kawo rago, na kawo kifi, na soya ƙwai. Ta kan kai loma ɗaya don kar raina ya ɓaci, sai ta ture kwanon.

'Yar mahauci ce. Tun da muka zo ƙasar nan ba ta taɓa cin naman da ba ta san wanda ya yanka shi ba. Ko a gidan suna aka ba ta, sai ta tambaya. Mata sun sha yi mata tsiya a kan haka, ba ta fasa ba.

Wata Laraba muna dawowa a bas, kanta a kafaɗata, ta ce ta tuna farfesun barewar da na yi mata a shekarar aurenmu, mai citta da masoro da kanumfari. Ta ce shi kam da za ta samu, da ta sha. Ba aike na ta yi ba, magana ce ta mai gajiya. Amma wata biyu ke nan ban ji ta ambaci wani abinci ba tare da ta yamutsa fuska ba.

Akwai wani mutumin Kaduna a masallacinmu, yana aikin gwajin jini a asibiti. Kowa Likita yake ce masa, ya gaji da cewa shi ba likita ba ne ya haƙura. Yana da lasin farauta, duk shekara yakan tafi daji da bindigarsa. Shi kuma Sarkin Baka yake ce mini don tsokana, tun ranar da ya ji sana'ata ta gida. Na tare shi wajen takalma bayan sallar Juma'a, na gaya masa abin da ake ciki. Bai yi tsokana ba ranar. Ya ce an buɗe lokacin farautar barewa, in shirya ranar Lahadi.

Sharaɗi biyu ya gindaya mini. Kada in taɓa bindiga ko da wasa, tunda ba ni da takarda. Kuma dole in sa riga da hula masu ruwan lemo, irin na masu gyaran titi. Na ce masa a garinmu maharbin da ya shiga daji da wannan riga sai yara su bi shi da dariya. Ya ce a nan wanda bai sa ba wani maharbin ne zai ɗauke shi dabba.

Bayan sallar asuba muka tashi. Maƙwabciyarmu ta zauna da matata. Sa'a uku muna tafiya arewa, har gidaje suka ƙare, muka kai gonar wani tsohon Bature da ke barin Likita ya yi farauta a filinsa. A nan ya buɗe bayan mota. Ban taɓa ganin kayan farautar mutum ɗaya masu yawa haka ba. Bindigar tana kwance cikin akwati mai soso kamar jaririya. A bayanta an ɗaura madubin hangen nesa mai tsawon damtsena, a gabanta ƙafafu biyu da take tsayawa a kansu. Akwai wata 'yar na'ura da ake leƙawa ta faɗi nisan abu. Akwai tabarmar kwanciya, da safar hannu mai ɗumi, da ruwan fesawa mai kashe warin mutum. Ya ara mini takalma, sun yi mini yawa. Ni wuƙata ta shago kawai na zo da ita, naɗe cikin tsumma. Na wasa ta tun ranar Asabar.

Muka kwanta a kan wani tudu. Gabanmu gonar masara ce da aka girbe, bayanta daji. Sanyi ya shiga ƙashina. Mun fi sa'a biyu ba mu yi magana ba, wannan kam farautarsu da tamu ɗaya ce.

Hantsi ya yi sosai lokacin da wata barewa ta fito bakin daji. Ni na fara ganinta, na taɓa ƙafarsa. Ta fi barewar ƙasarmu girma nesa ba kusa ba, ta kusa kai maraƙi. Na fara tunanin ta inda zan bi in zagaye iska in matso ta, sai na ga Likita ko motsi bai yi niyyar yi ba. Ya leƙa na'urarsa, ya raɗa mini cewa yadi ɗari uku ba kaɗan. Ya duba wata takarda da ya manne a gindin bindigar, ya murɗa wani abu a saman madubin yana ƙirgawa. Na ga ciyawar can nesa tana kwantawa hagu fiye da ta kusa da mu. Na so in gaya masa, amma ya riga ya sa ido a madubi, na yi shiru.

Ya harba. Ta gantsare, ta yi taku kamar goma a hankali, ta kwanta a bakin itatuwa.

Kafin ƙarar ta gama yawo ina kan ƙafafuna. Haka ubana ya koya mini, haka kowane maharbi Musulmi da na sani yake yi: da ta faɗi ka ruga, ka same ta da sauran rai, ka yi bismilla ka yanka. Ban gaya wa Likita zan yi haka ba, don ban ɗauka abin faɗa ba ne. Shi ma bai gaya mini nasu tsarin ba, don ya ɗauka tsohon maharbi ya sani. Su a nan zama suke yi bayan harbi, rabin sa'a ko fiye, su bar dabba ta kwanta ta ƙarasa a inda take. Da adaka taku ashirin ne tsakaninka da dabba, kafin ta yunƙura ka danne ta. Yadi ɗari uku wani abu ne daban.

Na ji yana kira na. Ban waiga ba. Karan masara yana dukan ƙwaurina, takalmin yana fita yana komawa, ƙirjina kamar an zuba garwashi. Shekarata hamsin da takwas. Ban kai rabin filin ba ta ɗaga kai ta ga mutum yana tafe a guje. Ta miƙe. Na ga yadda ta miƙe da ƙyar, na san da na bar ta da ba za ta ƙara tashi ba. Ta faɗa daji.

Na bi jini. Baƙi ne, mai kauri, jinin hanta. Iska ta ɗan tura harsashin baya. Dabbar da aka sama a hanta tana yin sa'a ɗaya ko biyu da rai, wannan na sani sarai, don haka ban fid da rai ba. Sawun ya kai ni wata waya mai ƙaya, ga gashinta a jikin ƙayar, ga alluna rawaya an kafa a itatuwa. Ban iya karanta su ba. Na ɗora ƙafa zan tsallaka, Likita ya iso yana haki ya riƙe mini riga ta baya.

Ya ce filin wani ne, ba a shiga sai da izini. Na ce ya sake ni, tana nan kusa, da ranta.

"Baba, in ka tsallaka da wuƙa a hannu suka kira 'yan sanda, wa zai kai Hajiya asibiti gobe?"

Na sauke ƙafata.

Ya tafi neman mai filin, ya bar ni a wurin. Tsohon Baturen ya buga waya ba a ɗauka ba, suka ɗauki mota suka je gidan, aka ce mutumin ya tafi gari da iyalinsa. Ni ina tsaye a bakin waya. Sau ɗaya na ji ganye ya motsa a gangare, na ji wani tari mai nauyi. Ba ta yi nisan taku ɗari ba. Na kama wayar nan har ƙaya ta huda safar hannun da Likita ya ara mini. Na yi taimama na yi azahar a kan ganye, ban san me na karanta ba. Bayan haka ban ƙara jin komai ba.

Sai wajen la'asar suka dawo da izini. Muka same ta a bakin wani ɗan rafi, kwance a kan haƙarƙari. Cikinta da ɗumi. Na taɓa ƙwayar idonta, ba ta ƙifta ba. Na sa wuƙa duk da haka, jinin ya gangaro a hankali, bai yi tsartuwa ba. Kaji nawa na yanka a rayuwata, ba mai gaya mini me wannan yake nufi.

Likita ya tsuguna kusa da ni. Ya ce malamai da yawa sun ce in maharbi ya yi bismilla lokacin harbi, ko ya tarar da dabba ta mutu ta halatta. Na ce na taɓa jin haka. Na tambaye shi ko ya yi.

"Numfashina na riƙe, Baba. Haka aka koya mini. Wallahi ban tuna ba."

Da ya ce mini ya yi, da na karɓa ban ƙara tambaya ba. Bai faɗa ba. Na ce to mu koma tudu mu jira wata, wannan karon zan zauna. Ya nuna mini takardar izinin da yake ɗaura wa barewar. Ya ce guda ɗaya gare shi a bana, kuma ga ta nan ta tafi.

Muka feɗe ta a rumfar tsohon, muka cika kula biyu. A hanyar dawowa, muna kan wata gada, ya tambaye ni ko ya wuce da naman ya ba maƙwabtansa Turawa. Na ce ya sauke mini kula ɗaya.

Washegari bayan mun dawo daga wankin ƙoda na kwantar da matata na shiga kicin. Nas ta ce gishiri kaɗan, ruwa kaɗan, sai na yi shi da kauri. Na daka citta da masoro da kanumfari, na bar shi a wuta har naman ya saki. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce ƙamshin ya sauka har hawa na uku. Da na shiga ɗaki da kwanon na tarar matata ta tashi zaune da kanta, ta jingina da bango. Rabon da in ga haka an yi makonni.

Ta karɓi cokali, ta riƙe, ba ta kai cikin kwanon ba.

"Maigida, da rai ka same ta?"

Shekara talatin da ɗaya muna tare, ban taɓa yi mata ƙarya ba ko a kan abin da zai jawo mini faɗa. Na dubi wuyan hannunta, da tabon allurai a damtsenta.

"Da rai," na ce.

Ta sha romo cokali ɗaya, ta tsaya tana jiran ƙarfen nan ya zo mata baki. Bai zo ba. Ta ƙara. Ta ɗauki tsoka ta tauna a hankali, ta haɗiye. Ina zaune a bakin gado, hannuwana a kan gwiwa. A raina na ce, ya Allah, ita ba ta sani ba, a rubuta a kaina.

Ta ci tsoka ta biyu, sannan ta lura ban ɗauko cokali ba. Tun da ta kwanta ciwo kwano ɗaya muke ci, don in ja hankalinta. Ta tambaye ni ina nawa. Na ce na ɗanɗana a kicin har na ƙoshi. Ta dube ni. Ta ajiye cokalin a gefen kwano, ta janye hannunta cikin bargo.

"In ba za ka ci ba, ni ma na gama."

Ban san abin da ta gani a fuskata ba, kuma ba ta ƙara tambaya ba, ranar ko bayanta. Na sa hannu na ɗauki tsoka mafi girma, na yi bismilla, na ci. Ta jira har na haɗiye. Sannan ta fito da hannunta ta ɗauki cokalin, ta ce in ƙara mata romo kaɗan.