Baƙar Gyaɗar da Iya Take Zubawa a Wuta

Har yau idan na ji ƙaurin ɓawon gyaɗa a wuta sai raina ya ɓaci, kuma na san da wa nake fushi. Da gidanmu nake, kaf ɗinsa, har da ni kaina.

A wani ƙauye na Gwangwan na tashi, gidan manoman gyaɗa. Da kaka, in an idar da sallar magariba, mu yara sai mu taru a ƙofar ɗakin kakarmu Iya, kowa da ƙwaryarsa. Muna ɓarar gyaɗa, ita kuma tana tura ɓawon a murhu don mu ji ɗumi. Iya mutuniyar Nijar ce, kakanmu ya auro ta daga wajen Tasawa lokacin yana fatauci. Ta yi shekara uku a lakwal, wato firamaren can, kuma ta zo da wani ɗan littafin Faransanci mai hotuna da malaman gona suka raba a garinsu. A ƙasan kwallarta take ajiye shi. Saboda shi matan unguwa suke kiranta Madam, kuma ba don girmamawa ba.

Tsarin gidanmu shi ne na kowa. Gyaɗa mai kyau a buhu take tafiya kasuwar Karaye. Motsattsu da masu baƙi-baƙi da waɗanda suka yi fumfuna kuwa, su ake barin wa mata su yi mai da ƙuli-ƙulin gida. Iya kaɗai ce ba ta yarda ba. Duk baƙar da ta faɗo hannunta sai ta ce "atansiyo," wato hattara da Faransanci, ta wurga ta cikin garwashi. Mu kuwa mu yi ta kwaikwayonta muna dariya.

Tana da yadda take buɗe tatsuniya. Sai ta ce, "Ga wata nan ta taso daga nesa." Mu ce, "Ta iso, mun yi mata shimfiɗa." Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Kurege. Wai ya noma gyaɗa, ruwan ƙarshe ya doke ta a tari. Ya tsince farare ya kai kasuwa don a yabe shi, baƙaƙen ya zube wa 'ya'yansa. Ashe a cikin baƙaƙen akwai wata 'yar mitsitsiyar aba, ba ido ba ƙafa, suya ba ta kashe ta. Ba ta cizo, ba ta sa ciwo ranar da aka ci ta. Hanta take nema ta zauna, ta riƙa ci kaɗan-kaɗan. Sai idon 'ya'yan Kurege ya koma kamar gwaiduwar ƙwai, ciki ya kumbura. Kurege ya fita da sanda, ya zargi Zomo, ya zargi Bushiya, bai bar maƙwabci ko ɗaya ba, amma ko sau ɗaya bai leƙa rumbunsa ba. A nan Iya take tsayawa, ta kalli ƙoren da ke gabanmu ta ce, "Ta ƙare. Saura ku duba abin da ke hannunku."

Baffa Sale, yayan babana kuma ɗan farinta, shi ne babba a gida, kuma abin yana ci masa rai. Ya sha tsayawa a kanmu yana cewa, "Iya, abinci ne fa kike ƙonawa." Wata rana ta ɗauko littafin ta nuna masa hoton gyaɗa a ɓare da fumfuna a ciki, da hoton mutum an shafa wa hantarsa baƙi. Ya yi murmushi ya ce shi da ya tashi a kunyoyin gona, ba takardar Nasara ce za ta koya masa gyaɗa ba.

Sai aka yi shekarar da ruwa ya ƙi ɗaukewa, gyaɗa ta ruɓe a tari, baƙar ta kusa fin farar yawa. A shekarar Lantana ta kwanta. 'Yar Baffa ce, shekararta bakwai, kullum da ƙuli ƙulle a bakin zaninta. Idonta ya yi ɗorawa, cikinta ya tashi. An yi jiƙo, an yi hayaƙi, sai da abin ya yi nisa aka kai ta asibiti a Rogo. Gawarta aka dawo da ita.

Tun ba a share makoki ba magana ta fara yawo. Ta yaya tsohuwar nan ta san ido zai yi ɗorawa? Ta yaya ta san ciki zai kumbura? Wasu suka ce kambun baka ne, wasu suka faɗi kalmar da ta fi wannan muni, wadda ba zan rubuta ta kusa da sunan Iya ba. Baffa bai faɗa da bakinsa ba, amma bai tsawatar wa kowa ba, ga shi uwarsa ce. Abin da ya yi shi ne ya shiga ɗakinta ya ɗauko littafin, ya cusa shi a murhun nan da muke jin ɗumi. Aka hana yara zuwa ƙofarta.

Ni ma na daina zuwa, kuma wannan ne yake hana ni sukuni. Akwai yammar da na zo wucewa ta ce, "Rabi, ƙawata, zo ki taya ni ɓara mana." Na yi kamar ban ji ba. Shekarata tara, na sani, amma kunnena lafiya lau yake. Ta ƙara shekara huɗu a duniya tana shimfiɗa tabarmar da ba mai zama a kai.

Yanzu ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare a Karaye. Bara aka yi wa malamin Faransanci canjin wurin aiki, shugaban makaranta ya ɗora min ajin, har da zolayar wai ai na gada wajen kakata 'yar Nijar. Ko gaisuwa ban iya ba. Wata abokiyar aiki ta nuna min a waya inda ake rubuta labaran kimiyya da sauƙaƙƙen Faransanci don 'yan koyo, jimla biyar ko shida kowanne. Kullum bayan la'asar sai in zauna da ƙamus in yi ta fama. Na karanta na ƙudan zuma, na karanta na husufin wata. Ran nan na buɗe sai ga hoton gyaɗa a ɓare da fumfuna a ciki.

Na fi awa ɗaya a kan 'yan layukan nan, kalma-kalma. Danshi yana kawo fumfuna. Fumfunar tana yin dafi. Ido ba ya ganin dafin, suya ba ta kawar da shi, kuma hanta yake lalatawa. Tatsuniyar Kurege ce tsaf, sai dai babu Kuregen. Ashe karatu Iya take mana. Ta san in ta ce littafi ne ba mai ji, shi ya sa ta sa masa jela da sanda. Ni ba likita ba ce, Allah ne ya san abin da ya yi ajalin Lantana. Amma na san ba bakin Iya ba ne.

Ranar Asabar na hau mashin na tafi gida. Na tarar da Baffa a tsakar gida ya tsufa, jikokinsa a gefe da kwanon baƙar gyaɗa suna ta watsawa a baka. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na karanta masa labarin. Da gurgun Faransancina na fara, don ina so a sake jin harshen nan a gidan, kafin na fassara. Da na gama sai ya ce, "Rabi, abin da ya wuce ya wuce. Allah ya jiƙanta."

Na ce amin. Na ɗauke kwanon na juye shi a murhu. Wata cikin surukan gidan ta ce ai abinci ne, ban ko kalle ta ba. Na jawo tabarma, na zaunar da yaran a gabana, na ce, "Ga wata nan ta taso daga nesa."

Suka zuba min ido. Ba wanda ya taɓa koya musu amsar. Mutum ɗaya ne ya rage a tsakar gidan da ya san ta, don haka na juya na ƙura wa Baffa ido, na ƙi ci gaba. Ƙauri ya cika gidan. Can, kansa a sunkuye, ya ce, "Ta iso, mun yi mata shimfiɗa."