Ƙyallin Babur ɗin Ofis

Saura sati biyu in yi ritaya aka aiko da takarda cewa duk malamin gonar da zai ajiye aiki ya kawo babur ɗin ofis Gwarzo ranar Laraba, za a duba. Mun san abin da ake nufi. A wurin aikinmu oga ne ke kallon babur, in ya ga dama ya ce a bar wa mutum, in bai ga dama ba ya karɓi makulli. Ni kuwa ina son a bar mini nawa, so ba na wasa ba. Gonata tana can bayan Mainika, sai an tsallaka rafi an bi hanya mai yashi, gwiwoyina kuma sun riga ni yin ritaya. In babu babur, babu gona.

Babur ne irin na shiga daji, mai dogayen ƙafafu, jikinsa duk roba ce fara da ja. Na fi shekara goma a kansa. Ƙayar bagaruwar Lakwaya ta zane shi, karan dawa ya kakkarce shi, wani bijimi a Jama'a ya taɓa kai masa ƙaho ya bar masa doguwar tsaga a gefe. Sai na yi wani lissafi da a lokacin na ɗauka hankali ne: idan oga ya ga na riƙe amana, na dawo da kayan mutane tsaf, zai ce wannan shi ya cancanta. Na faɗa wa maiɗakina haka, ta ce gaskiya ne.

Ashe ta sa abin a ranta. Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da ita a tsakar gida a gaban babur ɗin, hannunta fari fat, ga kaskon toka ga soson ƙarfe.

"Malam, zo ka gani," ta ce da murna. "Na fitar maka da dauɗar nan duka."

Dauɗa kam ta fita, amma ta tafi da ɗan ƙyallin da ya rage. Robar ta dushe, ta yi furu-furu kamar bayan tsohuwar ƙwarya. Raina ya ɓaci, na ce, "Wa ya aike ki? Tukunyar tuwo ce?"

Ta dubi hannunta ta ce, "Ai ni wankin da na iya ke nan." Ta kwashi kayanta ta shige ɗaki. Har yau in na tuna wannan magana tawa ina jin kunya.

Washegari na hau na tafi Kabo wurin wani tsohon abokina mai fentin motoci. Bayan mun gaisa, mun tambayi iyali da gajiya da kasuwa, ya leƙa babur ɗin ya yi ta dariya har da tari.

"Wannan gyaran gangar Auzinawa fa? Ka ji shawara, Malam. Ranar Laraba da safe ka shafe shi da man gyaɗa, zai yi sheƙi har azahar. Wa zai sani?"

Na ce ni ban iya ha'inci ba. Ya ce to in shirya wa wahala. Ya yanko mini takardar samfefa kala uku, mai kaushi da matsakaiciya da mai laushi, ya haɗa mini da gwangwanin man goge fenti. Ya ce in riƙa jiƙa wurin da ruwan sabulu, in fara da mai kaushi har karcen ya ɓace, sannan kowace takarda ta share sawun wadda ta gabace ta. Ya kuma gargaɗe ni kada in kai wuta kusa, domin akwai masu gasa roba ta yi ƙyalli, bayan wata guda ta tsattsage.

Kwana uku na yi a durƙushe a zaure. Aiki ne mai kashe jiki: ka goga, ka wanke, ka duba a haske, ka ga layin yana nan yana kallonka, ka sake. Farin ruwa yana ta gangarowa ta gwiwar hannuna. Fatar yatsuna ta saɓule, bayana ya riƙe, in zan tashi salla sai na dafa bango. A rana ta biyu maiɗakina ta fito da buta, ta zauna a gefena tana tsiyaya mini ruwa. Tsagar bijimin nan ita kaɗai ta cinye mana yini guda, amma sai da ta ɓace.

Ranar Talata da la'asar na lakaci man da tsumman atamfa na shiga murzawa. Da farko babu abin da ya canza, har na fara zagin mai fenti a zuciyata. Can sai jan ya farfaɗo, farin ya ɗauki ido, na ga inuwar hulata a jikin robar. Gaskiya na ji daɗi, duk da gajiyar da ta hana ni ko da murmushi.

Mu biyu ne masu ajiye aiki ranar Laraba. Ɗayan wani Alhaji ne da ya yi aiki a ƙauyukan Kabo. Nasa babur ɗin ya zo da taɓon bara a jikinsa, madigadin gaba ɗaure da igiya. Har tausayinsa na ji.

Oga ya dubi na Alhaji ya girgiza kai. "Alhaji, tafi da abinka. Wannan ko mun karɓa babu mai hawa."

Sannan ya juyo kan nawa. Ya zagaya shi sau biyu, ya shafa gefen da tafin hannu.

"Kai, Malam, Allah ya yi maka albarka. Kamar bai taɓa shiga daji ba! Irin wannan muke nema wa wanda za a turo a madadinka."

Ya miƙo hannu. Akwai abin faɗa: injin yana shan baƙin mai, giya ta uku tana zillewa, duk kyan a fata yake. Amma bakina ya ƙi. Ban san yadda zan kushe abin da aka yaba mini a gaban jama'a ba, kuma maganar da ya yi ta daji ta sosa mini rai. Shekarun nan duka da na yi ina ratsa ƙaya, da hannuna na goge shaidarsu. Na ce, "Amin, ranka ya daɗe," na ba shi makulli.

Alhaji ne ya goyo ni zuwa gida, babur ɗinsa yana ƙara kamar zai watse. Maiɗakina tana tsaye a bakin zaure. Ta dubi bayana, ta dube ni.

"An bar mana?"

Na ce, "Sun ce ya yi kyau."

Da damina ta faɗi na ba wani mutumin Mainika aron gonar. Har yanzu shi ke noma ta.