Ranar da Aka Bar Turmi a Gida

Duk wanda ya saba bin layin masu kayan ƙamshi a unguwar Rusaifa ta Makka ya san shagon Munzali Ɗaso, ko bai san sunansa ba hancinsa zai kai shi. Ɗan shago ne wanda mutum biyu ba sa iya gifta juna a ciki. Buhunan gahawa a dama, hel, 'yar ƙwayar da ke sa gahawa ƙamshi, da kanumfari da citta a hagu, shi kuma a tsakiya bisa kujerar roba, ya miƙe ƙafar hagu a kan kwali saboda ciwon gwiwa. A Tandabawi aka haife shi, shekara sittin da huɗu ke nan. Kakansa ne ya taso daga Haɗeja a ƙafa, ya yi shekara goma sha ɗaya yana noman auduga a Sudan kafin ya tsallake teku, kuma abu biyu ya iso Makka da su: mahaifin Munzali, da wani turmin tagulla na dakan gahawa da ya samo a hanya.

In ka tambayi Munzali sana'arsa zai ce maka shi mafarauci ne, shagon na rage zaman banza ne kawai. Shekara talatin da ɗaya yana fita farauta duk lokacin sanyi, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa harba bindiga ba. Bai ma san inda ake zuba harsashi ba, kuma bai damu ya sani ba. Su huɗu suke tafiya: shi, da Abdulrazak abokinsa tun suna yara, wanda ya yi ritaya daga tuƙin motar alhazai, sai Talal da ƙanensa Bandar, Larabawan da suka tashi layi ɗaya da su. Ranar Asabar bayan sallar asuba sukan ɗauki hanyar Ɗa'if, su shiga cikin duwatsu neman fakara da zomo. Ukun su watsu da bindigoginsu, Munzali ya nemi gindin bishiya ya hura gawayi.

Gahawarsa ba ta gaggawa ba ce. Ɗanyar ƙwaya yake tafiya da ita, ya soya ta a kasko mai dogon mariƙi har ta yi kalar yashi, ba ya bari ta yi baƙi. In ta huce sai ya zuba a turmin kakansa. Daga nan fa kiɗa ya tashi, don Munzali ba daka kawai yake yi ba, bugu biyu a ƙasa ɗaya a gefe, tagulla ta yi ta amsa kuwwa daga wannan dutse zuwa wancan. Kafin ruwa ya tafasa ya juye a dalla, butar nan mai dogon baki, sai ka ga maharba sun ɓullo ɗaya bayan ɗaya, kowa yana bayanin yadda tsuntsu ya tsere masa. Shi zai fara shan finjalin farko a gabansu, sannan ya riƙe dalla da hagu ya miƙa finjali da dama. Abin da suka fi samowa a yini fakara uku ne, kuma ba su taɓa rasa wanda za su ɗora wa laifi ba: yau iska, gobe harsashi, jibi idon Bandar.

Da can mota tana kai su har gindin bishiyar. Bara ruwa ya cinye hanyar, ya zama sai an ajiye mota a kwari a hau dutse a ƙafa na awa ɗaya da rabi. Munzali ya saɓa buhunsa ya bi su, amma gwiwa ta ce ba da ita ba. Sai da suka zauna jiransa sau biyar, suka isa rana ta take. A hanyar dawowa Abdulrazak ya yi gyaran murya, idonsa a kan titi, ya kira Munzali da sunan da suka saba kiransa.

"Abu Hisham, baɗi ka riƙa zama wajen mota. In mun sauko sai mu sha."

Maganar ta soki Munzali. Zama wajen mota, ai wannan aikin mai gadi ne. Shi kuma likita da aka je wajensa sai ya ƙara dagula lissafi, ya ce kada ya kuskura ya ɗauki abin da ya wuce kilo uku ko da bene zai hau. Munzali ya dawo gida ya yi kwana biyu ba ya cin abincin kirki, don ya ga alamar shekara talatin da ɗaya za su ƙare a gindin taya.

Matarsa Ramlatu ce ta gaji da ganin fuskarsa a murtuke. Da sanyin bana ya kawo kai, ta kwaso kayan farautar gaba ɗaya ta biyo shi shago, ta jibge su a kan sikelin da yake auna wa mutane hel.

"Kilo goma sha ɗaya, Malam. Jaki ma sai ya yi ƙara. Turmin nan kaɗai huɗu da rabi. Halas, magana ta ƙare, zaɓi za ka yi: ko kayan su hau dutsen, ko kai ka hau."

Sati biyu suka yi ana gwaji. Da farko ta ba shi shawarar ya dafa a gida ya zuba a filas. Ya dafa da safe, ya buɗe da azahar, ya kurɓa, ya ce wannan ruwan wankin tukunya ne, ta yi duhu ta yi ɗaci, hel ɗin ya mutu a ciki. Sai ta sayo masa irin ta 'yan takardu wadda ake farkewa a zuba a ruwan zafi, kala huɗu, har da mai hoton dalla a jiki. Ya sa tabarau ya karanta abin da aka rubuta a baya da ƙarfi, kamar mai karanta takardar sammaci. Ya ɗanɗana ta farko ya ture kofin gefe. Ya ɗanɗana ta biyu ya ce a'uzubillahi. Ta ukun, don gaskiya, ba ta da laifi sosai, kuma wannan ya fi komai ɓata masa rai. Ya ce ko da za ta fi zuma daɗi, shi mai shagon gahawa a Rusaifa ba zai farke takarda a gaban Talal ba.

A ƙarshe ga abin da suka tsayar. Ranar Juma'a da la'asar zai soya ya daka a gida, Ramlatu ta ƙulla masa a 'yan ledoji kamar yadda take ƙulla yaji, kowane ƙulli dahuwa ɗaya, hel ɗinsa daban. Gawayi da kasko su zauna, ɗan rishon gas mai kamar gwangwanin madara ya maye gurbinsu. Dalla ta zauna, a tafi da 'yar butar sanholo. Finjali huɗu a cusa cikin safa kada su fashe. Dabino rabin leda. Suka ɗora a sikeli, kilo biyu da rabi. Munzali ya ɗaga jakar da yatsa biyu ya yi dariya. Amma da zai fita ranar Asabar, Ramlatu ta gan shi ya tsaya a bakin kanta ya shafa turmin kafin ya ja ƙofa.

Ranar nan shi ne a gaba. Har ya riƙa juyowa yana ce wa Bandar, wanda shi Munzali ya girma da shekara tara, "Yalla, ya sheikh, ko in karɓar maka bindigar?" Suka isa gindin bishiya tun rana ba ta yi zafi ba. Maharba suka watsu, kowa ya kama ɓangarensa. Munzali ya kunna risho, ya kwance ƙulli ɗaya, cikin minti goma gahawa ta haɗu. Ya ɗanɗana, ba ta da maraba da ta kullum. Ya jera finjali a kan dutse, ya gyara zama yana jin kansa.

Ƙarfe goma ta yi, lokacin da suka saba ɓullowa, babu kowa. Daga nesa yana ta jin ƙarar bindiga, fiye da yadda ya taɓa ji. Gahawa ta huce ya zubar, ya kwance ƙulli na biyu. Ya ciro waya, babu sabis, dama ba a taɓa samu a wurin ba. Sha ɗaya ta wuce, ya zubar da ta biyun ma. Sai zuciya ta fara yi masa saƙa: ashe dama haƙuri suke yi da shi, yau da bai ɓata musu lokaci ba sun manta akwai wani mai suna Munzali a dutsen. Ya zauna da buta a hannu, baƙin ciki ya cika shi, har ya ji gara ma a ce wajen motar ya zauna.

Ana dab da azahar ya ji duwatsu suna gangarawa, amma daga ƙasa, ta hanyar da suka hawo. Abdulrazak ne, babu hula, riga sharkaf da gumi, gwiwar wandonsa a yage. Ya tsaya yana haki yana kallon Munzali.

"Kana nan da ranka ka yi shiru?"

"To ihu zan yi? Tun ƙarfe tara da rabi gahawa ta..."

"Ina turmin? Wallahi tun goma nake kasa kunne. Da na ji shiru na ce shi ke nan, gwiwar nan ta kayar da shi a wani rami. Har mota na sauka, babu kwazazzabon da ban leƙa ba!"

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Munzali. Shekara talatin da ɗaya babu wanda ya taɓa duba agogo a dutsen nan, babu wanda aka taɓa ce wa ya dawo ƙarfe kaza. Turmi ne yake kiran su. Su kuma sun ga jakarsa ta ƙanƙance da safe, sun yaba, amma babu wanda ya yi tunanin abin da aka cire daga ciki.

Abdulrazak ya harba bindiga sau uku a sama, can sai ga Talal da Bandar, leɓe a bushe, su ma suna ta jiran a kira su. A kafaɗarsu kuwa fakara goma sha huɗu. Bandar ya zube su a ƙasa, ya dubi tsuntsayen, ya dubi 'yar butar sanholo, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ya Abu Hisham! Shekara talatin kuna cewa idona ne! Ashe kai ne kake korar mana tsuntsaye da kiɗanka!"

Kowa ya yi dariya, har shi. Ya kwance ƙulli na ƙarshe ya dafa, ya sha na farko, ya miƙa musu. Talal ya sha uku, ya girgiza finjali alamar ya ƙoshi, ya ce wallahi ba ta da bambanci da ta da. Yabo ya yi, amma Munzali ji ya yi kamar an ƙara masa gishiri a ciwo. An samu nama, gahawa ta yi daɗi, gwiwa ba ta yi ƙorafi ba, kuma duk don an bar turmin kakansa a gida. A mota ya yi kamar barci yake.

Ranar Laraba yana zaune a shago sai ga Abdulrazak da jakar farautarsa. Bai ko zauna ba ya ɗora ta a sikeli, ya fara fitar da kaya: kwalin harsashi guda, madubin hangen nesa, wata tsohuwar rigar sanyi.

"Aika gida a kawo turmin," ya ce.

"Na me? Ka ji abin da Bandar ya faɗa."

"Bandar ne ya ce shi zai ɗauki taɓaryar. Talal dalla da gawayi. Fakara goma sha huɗu, ya akhi, wa zai ci? Matata ta yi ta figa har ta ce in na ƙara kawowa ni zan fige abina." Ya shiga gyara igiyar jakar da ba ta buƙatar gyara. "Awa uku ina leƙa ramuka ina neman gawarka, Munzali. Ban iya sake wannan. Ni dai in ina bayan dutse, in riƙa jin kana nan."

Munzali ya juya yana ɗibar hel a ledar da babu wanda ya ce a auna masa. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa, ya ce ƙurar citta ce.

Asabar da ta biyo baya, da 'yar jakarsa mai kilo biyu ya hau, sauran kayan suna bayan tsofaffi uku masu haki da mita. Ƙarfe tara da rabi ƙwaya ta huce a kasko. Ya zuba ta a turmi, ya ɗaga taɓarya, bugu biyu a ƙasa ɗaya a gefe. Fakara suka tashi fir daga ko'ina a jikin dutsen suka tsallaka kwari, ya ji Bandar daga nesa yana ɗaga murya yana kiran sunansa da faɗa. Ya ƙara wa dakan ƙarfi. Bai tsaya ba, ko da gahawar ta daɗe da yin laushi, sai da ya ƙirga su ɗaya, biyu, uku, suna gangarowa da fakara guda tak a tsakaninsu.